Minti Shida-Shida: Tarihin Ladan Manyan Lauyoyi

A manyan kamfanonin lauyoyi na New York da Washington da Landan, gida goma ake yanka awa, kowane yanki minti shida, kuma kowanne da farashinsa. Lauya ya ɗaga waya ya yi maganar minti huɗu, sai ya rubuta 0.1 a takardar lissafin lokaci. Ya karanta wasiƙa ya mayar da amsa, ya rubuta 0.2. Ƙarshen wata a tattara, a ninka da farashin awarsa, a aika wa mai aiki. Da kamfanin kuɗin intanet na FTX ya durƙushe a Nuwamba 2022, takardun da lauyoyinsa na Sullivan & Cromwell suka shigar kotu sun nuna manyansu na karɓar har dala 2,165 a awa guda. Wato minti shidan nan ya ɗara dala 216. Tun kafin a shigar da takardar karayar arzikin kuwa an riga an ajiye musu dala miliyan 12 kafin alƙalami.

Wanda ya tarar da abin a haka zai ɗauka da shi sana'ar ta tashi. Alhali sai a shekarun 1960 zuwa 1970 sayar da awa ya zama ruwan dare, kuma mutumin da ya fara riƙe wa lauyoyi agogo lauyan talakawa ne. An gwada hanyoyi da dama kafin nan, kuma duk wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya zai ga tambaya guda ake ta juyawa: shari'a dai ba a san ranar ƙarewarta ba, to wa zai ɗauki nauyin wannan rashin sani, lauya ko wanda ya ɗauke shi?

A tsohuwar daular Rum haramta ladan ma aka yi. Dokar Cincia ta shekara ta 204 kafin miladiyya ta hana mai kare wani a kotu karɓar kuɗi ko kyauta, don ana ganin aikin hidima ce ta masu mutunci. Dokar ba ta hana biya ba, ta dai mayar da shi ta bayan gida: rancen da ba a nema a dawo da shi, da gadon da ake rubuta wa lauya a wasiyya. A shekara ta 47 miladiyya sarki Kalaudiyas ya halatta karɓa, amma ya ce kada ya wuce sastas 10,000.

Ingila ta gaji wannan kunyar. A da, barista mai tsayawa gaban alƙali da hular gashi da baƙar riga, abin da ake ba shi tukuici ne a idon doka, saboda haka in an hana shi ba shi da bakin kai ƙara. Kotu ta jaddada haka a 1863, a shari'ar Kennedy da Broun: wani barista ya ci wa wata mata shari'ar gado mai tsoka, ta yi masa alkawarin fam 20,000, ƙarshe ya tashi a tutar babu. Ko cinikin ma ba da bakinsa barista ke yi ba, akawunsa ke yi, a rubuta adadin a bayan takardar shari'a. Shi kuwa lauyan ofis, mai rubuta yarjejeniya da shirya ƙara, da tsawon rubutu ake biyansa, kowace kalma 72 shafi ɗaya ne a lissafi. Sai takardun cinikin fili da na wasiyya suka yi ta kumbura da maimaici. Tun 1776 Adam Smith ya koka cewa biyan lauyoyi da akawunan kotu da yawan shafi ya sa sun cika harshen shari'a da kalmomin da ba su da aikin yi.

A Ingilan ne kuma kuɗin riƙo ya sami tsarinsa. Mai hali yakan ba shahararren barista ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ba don wani aikin da ya yi ba, sai don ya kama shi: duk ranar da rigima ta taso nasa ne, abokin gaba ba zai ɗauke shi ba. Akwai riƙon shari'a guda, akwai na duk abin da ka iya tasowa. Alkawari ake saya, aikin kuma in ya zo a biya shi daban.

Amurkawa ba su tsaya jin kunya ba. Da farko majalisun jihohi ke yanke ladan kowane aiki, har 1848 da jihar New York ta kafa sabuwar dokar tafiyar da shari'a wadda David Dudley Field ya jagoranci rubutawa, ta ce lada magana ce tsakanin lauya da mai ɗaukarsa. Wasu jihohi suka bi sahu. Daga nan jinga ta samu, a yanke kuɗin aiki tun farko. La'ada ma ta samu: in an ci lauya ya ɗauki kasonsa, yawanci sulusi, in an faɗi ya tafi hannu rabbana. A Ingila wannan laifi ne a lokacin, amma leburan da jirgin ƙasa ya guntule wa ƙafa ba shi da wata hanyar samun lauya, kuma Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta amince da ita, da ɗan ɗaure fuska, a ƙa'idojinta na 1908.

Abraham Lincoln ya ɗanɗana zafin wancan zamani kafin ya zama shugaban ƙasa. Ya tsaya wa kamfanin jirgin ƙasa na Illinois Central a rigimar haraji da ƙaramar hukumar McLean, ya yi nasara a kotun ƙolin jihar a 1856, ya nemi dala 5,000. Kamfanin ya noƙe. Sai da ya maka shi a kotu a 1857 sannan ya karɓa, bayan an cire ɗan kafin alƙalamin da aka ba shi tun farko. Bai taɓa samun lada mai girman wannan ba a duk aikinsa na lauya. Duk da haka, a wasu bayanai da ya rubuta don matasan lauyoyi, shawararsa ita ce kada su karɓi dukan lada kafin aiki, su tsaya a kan ɗan kaɗan, domin wanda aka gama biya zuciyarsa takan yi sanyi da shari'ar.

Manyan kamfanonin lauyoyi sun taso ne tare da kamfanonin jirgin ƙasa da ƙarfe da man fetur da bankunan Wall Street, a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Paul Cravath ne ya shimfiɗa tsarin da har yau ake bi: a ɗebo ɗaliban da suka fi hazaƙa daga jami'o'i irin su Harvard da Columbia, a ba su albashi, a horar da su shekaru, wanda ya cancanta a sa shi cikin masu rabon riba, wanda bai kai ba a nema masa wani wuri. Hulɗa da masu aiki kuwa ta gado ce. Bankin J.P. Morgan na da Davis Polk, National City na da Shearman & Sterling, gidan Rockefeller na da Milbank. Sau da yawa babban lauyan na zaune a hukumar daraktocin kamfanin da yake wa aiki. Ana biyan kuɗin riƙo na shekara don ƙananan shawarwari, in babban aiki ya ƙare a aika takarda mai layi ɗaya: ladan ayyukan da aka gudanar, dala kaza. Tsofaffin lauyoyi kan yi raha cewa ɗaga fayil ake yi a ji nauyinsa sannan a rubuta adadi. Ba a tambaya, don mai biya da mai karɓa kulob ɗaya suke cin abincin rana.

Reginald Heber Smith ya gama karatun lauya a Harvard a 1914, ya karɓi ragamar ofishin taimaka wa talakawa a shari'a na birnin Boston. Ƙararraki jingim, kuɗi ƙalilan, ma'aikata 'yan kaɗan. Don ya san inda kowane kwabo ke tafiya, ya nemi taimako daga makarantar kasuwanci ta Harvard, aka tsara masa yadda zai riƙa rubuta abin da kowace shari'a ta ci. A 1919 ya wallafa littafinsa kan yadda tsada da jinkiri ke hana talaka adalci, a shekarar kuma ya koma kamfanin Hale and Dorr, inda ya shugabanta har 1956. Can ya kai takardar lissafin lokaci, ya raba awa gida goma don tarawa ta yi sauƙi. Lauyoyinsa sun ƙi jinin abin da farko, suna ganin an zubar musu da girma. Amma Smith bai ce awa ita ce farashi ba. A wurinsa ma'auni ne na cikin gida, na sanin abin da aiki ya ci, sannan a duba nauyin aikin da sakamakonsa a yanke lada.

Abu biyu suka fito da agogon daga cikin gida zuwa kasuwa. Na farko sababbin ƙa'idojin kotunan tarayya na 1938, waɗanda suka ba kowane ɓangare ikon tilasta wa ɗayan ya buɗe takardunsa, ya kuma kawo mutanensa a yi musu tambayoyi bisa rantsuwa tun ba a fara zaman kotu ba. Shari'ar da a da fayil ɗaya ke ɗauka ta koma ta akwatuna. Lauyan da ya yi jinga a kan irin wannan ya shiga uku, tunda abokin gaba ne ke yanke masa yawan aikin da zai yi. Na biyu kuwa kishi ne. Bayan yaƙin duniya na biyu lauyoyi suka ga likitoci, har da na haƙori, sun tsere musu a samu. A 1958 Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta fitar da wata 'yar ƙasida tana cewa lauyan 1958 da dalar 1938 yake rayuwa, kuma maganin abin shi ne ya riƙa rubuta lokacinsa, don shi ne hajarsa. Ƙasidar ta ƙiyasta cewa awa 1,300 ce lauya zai iya sayarwa a shekara.

Abin da ake yawan mantawa shi ne masu biyan ma sun so hakan. Akantocin manyan kamfanoni da na inshora sun gaji da takarda mai layi ɗaya, suna son su ga wa ya yi me, yaushe, na tsawon wane lokaci. Awa abu ce da za a ƙirga, sai ta yi musu kama da gaskiya. Ba su lura ba cewa da hannunsu suka sauke wa lauya kayan rashin sani suka aza wa kansu. Shari'a ta yi wata uku ko ta yi shekara bakwai, lauya ba ya asara.

Saura shinge ɗaya. Ƙungiyoyin lauyoyi na jihohi da na ƙananan hukumomi a lokacin suna da jadawalin mafi ƙarancin lada, wanda ya saba karya shi kuma yana iya fuskantar ladabtarwa. A 1971 Lewis Goldfarb da matarsa Ruth suka tashi sayen gida a Fairfax ta jihar Virginia, suna bukatar lauyan da zai bincika musu asalin takardun gidan. Na farko ya ce kashi 1 cikin 100 na kuɗin gidan, yadda jadawali ya tanada. Suka rubuta wa lauyoyi 36, 19 suka amsa, babu ko ɗaya da ya ce zai rage. Suka kai ƙara. A 1975 Kotun Ƙoli ta ce wannan haɗa baki ne a kan farashi, ya saɓa wa dokar Sherman ta 1890, kuma zaman aikin lauya sana'ar masu ilimi bai tsame shi daga dokar kasuwa ba. Jadawali ya faɗi, awa ta gaje filin. Ingila ta riga ta soke nata jadawalin na cinikin gidaje tun 1973. Najeriya kuwa, da ta gaji tsarin Ingila, wata hanyar ta bi: a 2023 ta sabunta umarnin da ke yanke mafi ƙarancin abin da lauya zai karɓa, wato abin da kotun Amurka ta kira laifi a nan kariya ce ga sana'a.

Da awa ta zama haja, lissafin tsarin Cravath ya fito fili. A ce ƙaramin lauya mai albashi ya rubuta awa 2,000 a shekara, ana sayar da kowace a kan dala 600, dala miliyan 1.2 ke nan. A cire albashinsa, a cire haya da sauran ɗawainiya, ragowar ta masu rabon riba ce. Iya yawan ƙananan da ke ƙarƙashin babba, iya kaurin rabonsa. Shi ya sa ake rububin ɗaliban da suka yi fice. Kamfanin Cravath ya kai albashin sabon shiga dala 15,000 a 1968, ya kai shi 65,000 a 1986. A 2000 kasuwar ta kai 125,000, a 2007 ta kai 160,000, a ƙarshen 2023 Milbank ya ce 225,000 saura suka bi. Kowane ƙari kuwa da awanni ake fanshe shi. Awa 1,300 ta 1958 ta koma 1,900 ko 2,000 a matsayin sharaɗin samun garaɓasar ƙarshen shekara, kuma mai son rubuta awa takwas sai ya zauna goma ko fiye, tunda cin abinci da taron ofis ba sa shiga lissafi.

Mujallar The American Lawyer, wadda Steven Brill ya kafa a 1979, ta ƙara wa wutar fetur. Daga 1985 ta fara buga abin da manyan kamfanonin ke samu da rabon da ke isa ga kowane babba. Abin da a da ba a faɗa ko a cikin gida ya zama jerin gwano na wa ya fi wa, lauyoyi masu jawo aiki kuma suka fara ƙaura zuwa inda rabo ya fi maiƙo. Cravath kansa, da ya daɗe yana raba riba bisa daɗewar mutum a gidan, ya sassauta a 2021.

Amma a daidai lokacin da kowa ke rungumar agogo, mutum biyu a New York sun nuna inda kuɗin gaske yake. Joseph Flom, ɗan Yahudawa marasa hali da ya tashi a Brooklyn, ya shiga ɗan ƙaramin ofishin Skadden a 1948, zamanin da tsofaffin gidajen Wall Street ba su cika ɗaukar irinsa ba. Ya ƙware a aikin da suke ƙyama, wato yaƙin ƙwace kamfani ta hanyar saye hannayen jarinsa ba da son shugabanninsa ba. A 1974 bankin Morgan Stanley, mai ji da mutunci, ya taimaka wa kamfanin Inco ya haɗiye kamfanin batir na ESB, da Flom a matsayin lauya. Daga ranar abin ya daina zama abin kunya, kowane shugaban kamfani kuma ya shiga fargabar ranar da za a kawo masa hari Flom na wancan gefen tebur. Ɗaruruwan kamfanoni suka riƙa biyan Skadden kuɗin riƙo duk shekara don sunansu ya shiga littafinsa. An ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. A nan yawancin masu biyan addu'arsu kada ranar askin ta zo. Wayon Flom shi ne da ya bar su su cinye kuɗin a wasu ayyukan, haraji ko cinikin gine-gine ko ƙararraki, don kada su ga sun yi asara. Da haka ofishin da aka sani da sana'a ɗaya ya yi ta buɗe sassa har ya shiga sahun mafi girma a duniya.

Abokin karawarsa Martin Lipton, wanda ya kafa Wachtell Lipton da abokansa a 1965, shi ya ƙirƙiro dabarar kariyar nan da ake kira ƙwayar guba a 1982, wadda ke sa kamfani ya gagari mai son haɗiye shi. Gidansa ba ya sayar da awa a manyan cinikayya. Da girman cinikin da abin da aka samu yake yanke lada, yadda bankunan zuba jari ke yi. A 1988, da Philip Morris ya tashi saye Kraft, Wachtell ya karɓi dala miliyan 20 a aikin kusan mako biyu. Bayan shekara 34 shugabannin Twitter suka ɗauki gidan don ya tilasta wa Elon Musk cika cinikin dala biliyan 44 da ya nemi zamewa. Ana dab da miƙa masa kamfanin a Oktoba 2022 aka cike wa lauyoyin dala miliyan 90. Musk ya shigo ya tarar kuɗin da aka kayar da shi da su daga asusun da ya saya suka fita, sai ya kai ƙara a 2023 yana neman a dawo da mafi yawansu. In da awa za a auna, adadin ya wuce hankali. In kuwa da abin da masu hannun jari suka tsira da shi za a auna, kusan kashi 0.2 cikin 100 ne na cinikin, kuma a ganina a nan lauyoyin suka fi gaskiya: ba wanda ya ɗauke su don su daɗe a ofis.

Ƙasa da wannan ƙololuwa kuwa, cutar da ta kama shafi ta kama awa. Tsarin na saka wa mai nawa, yana tauye mai sauri. Lauya biyar a taron da biyu sun isa, bincike a kan abin da an riga an sani. Har sai da Ƙungiyar Lauyoyi ta fitar da hukunci a 1993 cewa wanda ke cikin jirgin sama don aikin wani, yana kuma rubuta takardar wani, ba zai karɓi ladan awa ɗaya daga hannu biyu ba, kuma aikin da ya taɓa yi wa wani ba zai sake sayar da tsofaffin awanninsa ba. A 1994 Webster Hubbell, wanda ya riƙe muƙami na uku a ma'aikatar shari'a ta gwamnatin Clinton, ya amsa laifin zamba a takardun kuɗin da ya yi a tsohon ofishinsa na Arkansas, aka ɗaure shi.

Masu biya suka farga. A 1987 General Electric ya ɗauki Ben Heineman ya shugabanci sashen shari'a, shi kuma ya ɗebo manyan lauyoyi daga gidajen da suka san yadda ake dafa lissafin. A 1992 DuPont ya fara zaftare kamfanonin lauyoyin da yake hulɗa da su, daga sama da 300 zuwa ƙasa da 50. Daga nan tsarin yau ya fito. Kamfani ya kira takara, ya zaɓi gidaje kaɗan na shekara biyu ko uku, su kuma su yi ragi. A miƙa musu littafin sharuɗɗa: ba ma biyan awar sabon shiga da ke koyon aiki, ba ma biyan kwafin takarda, ba ma biyan hirar lauyoyinku a tsakaninku. Kwamfuta ce ke fara tace takardar neman biya kafin idon mutum ya gan ta. Saboda haka farashin da ke rubuce daban, abin da ke shiga asusu daban. Ana kuma sa wa lada rufin da ba zai wuce ba, ko a yi farashin bai ɗaya ga babba da ƙarami, ko jinga mataki-mataki, ko ragi in ciniki ya rushe da ƙari in ya ƙullu.

Kuɗin riƙo shi ma ya sauya fuska. Irin na da, na sayen alkawari, ya yi ƙaranci. Abin da aka fi kira da sunan yau ajiya ce: mai aiki ya zuba kuɗi a asusun amana da ba na lauya ba, lauya ya riƙa ɗiba gwargwadon aikin da ya yi, in ya ja ƙasa a sake cikawa, abin da ya saura a ƙarshe a mayar. A 1994 babbar kotun jihar New York, a shari'ar Cooperman, ta haramta rubuta cewa kafin alƙalami ba ya dawowa ko da an sallami lauya, domin hakan ɗaure mutum ne ga lauyan da ya daina yarda da shi. Reshe ya juye ke nan: a da lauya ake kamawa kada ya tafi wurin abokin gaba, yanzu mai aiki ake karɓar jinginarsa kada ya ƙi biya. Kuma ba kowa ake tambaya ba. Babban banki ba ya ajiye ko sisi, sai ma ya ja wata biyu ko uku kafin ya biya. Sabon zuwa, da baƙon da dukiyarsa ke wata ƙasa, da kamfanin da ke tangal-tangal, su ke ajiya. Ga na ƙarshen nan ma dole ce, domin lauyan da ke bin kamfani bashi ranar da ya karye ya shiga layin masu bin bashi, doka kuwa ba ta yarda mai bin bashi ya wakilce shi ba.

An sha yi wa awa jana'iza. Ƙungiyar Lauyoyi ta kafa kwamiti ya fitar da rahoto a kanta a 2002. A farkon 2009, tattalin arziki na ƙasa, shugaban Cravath na lokacin, Evan Chesler, ya rubuta a mujallar Forbes cewa a kashe ta. A Fabrairun shekarar Latham & Watkins ya sallami lauyoyi 190 da sauran ma'aikata 250. Sai ga shi rushewar bankin Lehman Brothers kaɗai ta ci sama da dala biliyan 2 a ladan lauyoyi da sauran ƙwararru, kuma da ƙura ta lafa farashi ya ci gaba da hawa. A 2005 labari ne babba da aka ji Benjamin Civiletti, tsohon ministan shari'a, na karɓar dala 1,000 a awa. A 2022 Neal Katyal na Hogan Lovells ya nemi dala 2,465 a shari'ar wani reshen Johnson & Johnson. A 2024 kuɗin shigar kamfanin lauyoyi na Kirkland & Ellis ya kai kusan dala biliyan 8.8. Yawancin farashin nan a kotun karayar arziki ake ganinsu, don can ne doka ta wajabta a nuna wa alƙali lada ya amince. Abin da ya hana awa mutuwa kuwa bai wuce biyu ba: albashi da ƙarin girma da rabon riba duk a kanta aka gina su, sannan masu biyan kansu, ko an yi musu jinga, sai su ce a nuna musu awannin da aka yi don su tabbata ba a ci da guminsu ba.

Najeriya ta shiga wannan kasuwa da ƙafarta a rigimarta da kamfanin P&ID. A 2017 masu sulhu a Landan suka ce ta biya kamfanin dala biliyan 6.6 a kan kwangilar iskar gas da ba a aza ko bulo ɗaya ba, kuɗin ruwa ya kai bashin sama da biliyan 11. A Oktoba 2023 alƙali Robin Knowles ya rushe hukuncin, ya ce da cin hanci aka sami kwangilar, ya kuma bayyana cewa lauyoyi biyu na ɓangaren kamfanin na jiran rabon da zai iya kai fam biliyan 3 ga ɗaya, fam miliyan 850 ga ɗayan, da an ci. Najeriya, wadda lauyoyin Mishcon de Reya suka tsaya wa, ta lissafa kusan fam miliyan 44 da ta kashe. A Ingila wanda ya faɗi shi ke ɗaukar mafi yawan kuɗin wanda ya ci, saɓanin Amurka da kowa ke biyan nasa, don haka kotu ta umarci P&ID ya fara ajiye fam miliyan 20.

Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira. A Yulin 2024 Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta ce wanda ya yi yarjejeniyar awa, in ya sa na'ura ta rubuta masa takarda, ainihin lokacin da ya ɓata kawai zai rubuta: minti 15 ya ɗauka yana ba ta bayani, minti 15 ke nan, sai lokacin da ya zauna yana duba abin da ta fitar. Hanya biyu ta rage wa manyan gidajen, ko su ƙara tsadar awannin da suka saura, ko su koma jingar da suka guje wa bayan 1938 su riƙe ribar saurin. Tace tarin takardu da tono tsofaffin hukunce-hukunce, inda na'urar ta fi sauri, su ne ainihin aikin da ƙananan lauyoyi ke cika awa 2,000 da shi, kuma daga waɗannan awannin rabon manya ke fitowa tun shekarun 1970.